Jan sukari ya fi fari tsada: cuta ce ko lissafi?

Auta: Salamu alaikum. Ni dai na ce tsadar jan sukari cuta ce tsagwaronta. Farin an wanke shi, an narkar, an tace, an sake dafawa. Jan kuwa an tsallake duk wannan wahalar. To ta yaya wanda aka yi wa ƙaramin aiki zai fi kuɗi? An ga mutane sun fara tsoron farin ne kawai, aka tsawwala musu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, araha ba ta ado. Jan yana nan da albarkar rakensa, farin an kwashe komai sai zaƙi.

Injiniya: Hajiya, a ajiye batun albarka tukuna. Auta, a babbar kasuwar duniya ɗanyen sukari ne ya fi araha, kamar yadda hankalinka ya ba ka. A New York ake cinikin ɗanyen, a Landan ake cinikin farin, kuma na Landan ne a sama. Ratar da ke tsakaninsu ita ce ladan masu matata. In ta tsuke sosai, wasu matatun rage aiki suke yi don ba riba.

Auta: To ai ka gama min magana, Injiniya.

Injiniya: Da sauran rina a kaba. Wancan ɗanyen ba shi ne na cikin fakiti ba. Zuba shi ake yi a cikin jirgin ruwa haka nan ba buhu, a kwashe shi da manyan injina, da ƙurarsa da dattinsa. Ba a yi shi don a ci ba, an yi shi ne don matata. Wanda za a sa wa mutum a baki dole tun daga matsar raken a bi ƙa'idar abinci, a busar, a tankaɗe, a rufe. Aiki ne daban, a layi daban.

Kuma abu uku ne muke haɗawa a suna ɗaya. Akwai mazarƙwaila da danginta, wato ruwan rake da aka dafa har ya daskare ba a cire masa komai ba. Indiya suna ce masa gur, Kolombiya panela. Akwai wanda aka juya sau ɗaya a injin da ke raba ƙwayar sukari da baƙin ruwan nan mai danƙo, molasis, aka bar masa ɗan launi, irin su demerara, wanda ya samo suna daga wani yanki na Guyana. Sai na ukun, wanda ya fi yawa a kantuna: farin sukari ne tatacce aka mayar masa da molasis, kusan kashi 3.5 cikin 100 a mai haske, 6.5 a mai duhu.

Hajiya Babba: Innalillahi. Wato rina shi aka yi?

Injiniya: Ba rini ba ne, Hajiya, nasa ne aka mayar masa. Amma dai ya bi ta matata kafin ya yi ja.

Malam Mai Lissafi: Ku bar ni in shigo ta ɓangarena. Auta, kana ƙirga matakan aiki, ba ka ƙirga yawan kayan da ake raba kuɗin aikin a kansu. Duniya na samar da sukari kimanin tan miliyan 180 a shekara, Brazil da Indiya a gaba. Babbar masana'anta tana matse dubban tan na rake a yini, ta ƙona karan da aka matse ta sami wutar da za ta yi aiki, ta sayar da molasis ga masu abincin dabbobi da masu yin itanol, wato sinadarin da ake gaurayawa da fetur. Ba abin da take zubarwa. Mai ƙaramin injin matsa kuwa zaƙi da yawa yana tafiya a cikin karan, ga mutum tsaye kan kasko yana juyawa, yana kwashe kumfa, yana jiran ya kama. Aikin da ake yi wa kowane kilo a wurinsa ya fi yawa, ko da matakan sun fi kaɗan.

Sannan farin ba ya lalacewa in dai bai ji ruwa ba. Jan kuwa mai danshi ne, in ya sha iska sai ya dunƙule ya yi tauri, in wurin da laima ya jiƙe. Fakitinsa ya fi tsada, ga shi yana daɗewa a kan kanta. Ɗan kasuwa ba ya ajiye kayan da ba sa tafiya da sauri sai da riba mai kauri.

Auta: Malam, na ji ta masu kasko. Na ukun fa? Molasis ya fi sukari araha nesa ba kusa ba. An cire ɗan sukari mai tsada an cike gurbin da abu mai araha, sannan a ƙara kuɗi. Wannan wane lissafi ne?

Malam Mai Lissafi: Haɗawar aiki ce, fakitin ma kuɗi ne.

Auta: Har ya kai ratar da ake gani?

Malam Mai Lissafi: Ba kullum ba. Wani ɓangaren kam abin da mai saye zai iya jurewa ne. Shaida ita ce a Kolombiya panela abincin kowa da kowa ne, sai ya ƙetare teku ya shiga kwali mai hoton ganye yake zama na 'yan gayu.

Malama: Wannan hoton ganyen shi ne damuwata. Hajiya, gaskiya ne akwai ɗan sinadarin ƙarfe da kalsiyam da fotasiyam a molasis, mazarƙwaila ta fi sauran. Amma a cokali ɗaya ko biyu ba su taka kara sun karya ba. Kafin mutum ya sami abin kirki daga ciki ya sha sukarin da zai cutar da shi. Ƙarfin da suke bai wa jiki kusan ɗaya ne, kalori 4 a giram. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, ba ta ware ja ba. Mai ciwon sukari musamman kada launi ya ruɗe shi.

Hajiya Babba: To ni ƙanwata ba don magani nake saye ba. Ƙamshinsa daban ne, kuma abin da aka gasa da shi ya fi laushi, ba ya saurin bushewa. Wannan kam ba wanda zai musa min.

Malama: Ba musu, Hajiya. Molasis ɗin ne ke riƙe danshi. In don wannan ne, kuɗinki bai faɗi ba.

Injiniya: Mai son ya gane wanne ya saya, ya duba bayan fakiti. In an rubuta sukari da molasis a matsayin abu biyu, haɗi ne. Ko ya zuba kaɗan a tafin hannu ya ɗiga ruwa ya murza: na haɗin launin zai wanke ya bar farar ƙwaya.

Auta: Na ga dai biyu kuka kare, na ukun kowa kewaye shi yake yi. Malam Mai Lissafi, ina jiran ka kawo min kuɗin haɗawar da na fakitin a rubuce.

Malam Mai Lissafi: Kai ka kawo ƙara, Auta, kai za ka kawo shaida.