Taron kachala: wa aka kira, wa aka bari?

Bulama Ƙarami, Nguru: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Wasu masu bincike sun zo nazarin illar da aikin yashe hanyar ruwa da sare kachala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, zai yi wa fadamarmu ta Haɗeja da Nguru. Da aka tashi taron jin ra'ayi sai aka kai shi otal a birni, aka cika ɗaki da masu manyan riguna, aka raba lemo da kuɗin mota, aka watse. Mu masu wurin, da muke shiga ruwan nan har wuya, ko mutum ɗaya ba a tambaya ba. Gobe kuma a rubuta a rahoto wai an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya fi masunci sanin inda kifi ke zuba ƙwai?

Ɗan Arɗo: Malam Bulama, dakata tukuna. Su wa ye "masu wurin"? Don na lura duk lokacin da aka faɗi haka, mu ake cirewa. Kakana a fadamar nan yake cin rani da shanunsa tun ba a yi mafarkin dam ba. Yanzu burtali ya koma gonar shinkafa, mashaya an kewaye ta da ƙaya.

Bulama Ƙarami, Nguru: Ni ban ambaci Fulani ba.

Ɗan Arɗo: Ai matsalar ke nan, ba ka ambata ba.

Baban Hajara, Haɗeja: Wanda yake zuwa wata huɗu ya tafi ba mai wuri ba ne, baƙo ne. Mai wuri shi ne wanda ambaliyar 2022 ta tarar a ɗaki, ta cinye masa shinkafa tana gab da yanka.

Ɗan Arɗo: To Alhaji, tsuntsayen gandun Dagona da ke cikin fadamar nan ma daga Turai suke zuwa su koma, amma an keɓe musu wuri. Ashe mu ba mu kai tsuntsu ba.

Injiniya: Don Allah mu koma kan magana. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto jama'a su duba su yi ƙorafi, kuma kwana 21 na aiki ake bayarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne rahoton da Turanci yake, kauri kamar bulo, a ajiye a ofis, sanarwar kuma a jaridar da ba ta zuwa ƙauye. Sannan ku duba yadda kachalar ta samo asali. Da can kogin Haɗeja yakan cika da damina ya janye da rani. Bayan an gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, duka a jihar Kano, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, laka ta taru, ciyawar ta samu gindin zama ta toshe hanyoyi. Shi ya sa ruwa ke karkata ta hanyar ruwa ta Marma ya cika wajen Nguru, na ƙasa wajen Gashuwa kuma suna kukan ƙarancinsa. Tsuntsayen jan-baki ma a cikin kachalar suke kwana su wayi gari a gonakin mutane. Duk wanda zai taɓa mashiga ɗaya dole ya ji ta bakin na sama da na ƙasa, masunci da manomi da makiyayi, kafin ya sa injin.

Na Kadawa (admin): Injiniya, ban da Tiga da wane ruwa za a yi tumatir da alkamar da kuke ci? Kullum sai a ɗora wa Kano.

Yaron Bade: Ku ci tumatir, mu ci ƙura. Kuma in Bauchi ta samu yadda take so aka gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, shi ke nan, sai mu haƙa rijiya a tsakiyar kogi.

Baban Hajara, Haɗeja: Masunta fa su daina wanke kansu. Su wa ke kafa dumba su tare hanyar ruwa da jerin mali, wato tarkon kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa?

Bulama Ƙarami, Nguru: Kai kuma su wa ke fasa gaɓa da dare su ja ruwa gonarsu? Na gani da idona.

Baban Hajara, Haɗeja: Kawo hoto.

Bulama Ƙarami, Nguru: Da dare na ce maka.

Hajiya Mai Banda: Kun cika mu da masu wuri, masu wuri. Kifin da Bulama ya kamo wa ke fafe shi, ta tsaya a hayaƙi har idonta ya yi ja? Wa ke turara shinkafar Baban Hajara? Ko a taron otal ko a ƙofar fada, kun taɓa ganin an shimfiɗa mana tabarma?

Yaron Bade: Hajiya, ai maigida ya wakilce ku.

Hajiya Mai Banda: Yaro, maigidan bai san kuɗin itacen banda ba.

Ɗan Arɗo: Har yanzu ina jira Alhaji ya janye kalmar "baƙo".

Baban Hajara, Haɗeja: Ba zan janye ba. Baƙo ba zagi ba ne.

Na Kadawa (admin): To, ya isa haka. Ga abin da na fahimta a taƙaice. Kowa ya amince kachala ce babbar matsala, kuma masu kafa dumba suna da hannu a toshewar ruwa. An kuma yarda noman rani shi ke riƙe da yankin nan, don haka manoma ya kamata a fara kira duk lokacin da za a yi irin wannan nazari, sauran su biyo baya. Batun dam ba a kawo wata hujja ba, sai zato. Ƙorafin Hajiya za mu duba shi wani lokaci. Na rufe zancen, wanda ya ƙara ambaton Tiga yau zan cire shi sai bayan Juma'a.