Injin rijiyata yana juyawa amma ba ya kawo ruwa, lambu na bushewa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar famfo. Gidana a Hotoro yake, nan Kano, da rijiya a tsakar gida. Na ɗora mata ƙaramin injin nan mai rabin doki, wanda ake rubuta QB60 a jikinsa, yana zaune a bakin rijiyar yana tura ruwa tankin da ke kan banɗaki. Da shi muke komai, da shi kuma nake ban-ruwan ɗan lambun bayan ɗaki: gwanda, gwaiba, lemun tsami, zogale a jikin katanga, sai fangalin alayyahu da na tumatir.

Tun da bazara ta kama ya fara yi min wasa da hankali. In na kunna yana juyawa lafiya lau, ƙararsa ma ta fi ta da kaifi, amma bututu shiru. Sai na kwance ɗan noti na samansa na ɗura masa ruwa da buta, ya jawo na ɗan lokaci yana tofar da ruwa da iska, fut-fut, sannan ya saki. Washegari kuma sai an sake ɗurawa. Wani mai gyara ya zo, ko sifana bai fito da ita daga jaka ba, ya ce koyil, wato wayar da aka naɗa a cikin injin, ya tafi, in ba shi ya kai a naɗa sabo. Hankalina bai kwanta ba. Fankar gidan nan da janareto duk ni nake taɓa su, na san ƙaurin koyil in ya ƙone, wannan kuwa ban ji komai ba.

Yanzu 'yan ga-ruwa muke kira, Maman Ummi kuma ta ce ba za a sayi jarka da kuɗi a zuba wa tumatir ba. Gwandar ganyenta ya fara yin rawaya daga ƙasa. Me zan duba kafin in saki injin nan?

Tsohon Mai Famfo:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka ba shi. Injin da koyil ɗinsa ya ƙone ba ya juyawa lafiya lau. Ko kafasito ne, ɗan abin nan da ke tayar da injin, ya mutu, gurnani kawai za ka ji yana yi a tsaye, sai ka juya fankar baya da sukudireba sannan ya tashi. Naka ɓangaren wuta ƙalau yake. Iska yake sha.

Tunda ka ce kullum da safe sai ka ɗura, to ruwan da ke cikin bututu yana komawa rijiya da daddare. Can ƙarshen bututun da ke cikin ruwa akwai fut-bawul, aikinsa ya bar ruwa ya hau, ya hana shi sauka. Ɗan tsakuwa ɗaya ko yashi ya maƙale a bakinsa, ko robar ciki ta taurare, shi ke nan. Cire wuta tukuna, ka kwance bututun daga jikin inji, ka zaro shi waje gaba ɗaya. Ka tsayar da shi ka cika da ruwa, ka zuba ido a ƙasan. In yana ɗiga, ka samu ɓarawonka. A Kofar Ruwa za ka samu sabo, ka nemi na tagulla, na roba ba ya jimawa. Wajen mayarwa ka naɗa farin tef ɗin nan na masu famfo a kowane zare, ka kuma duba gaɓoɓin da aka haɗa da gam. Ɓangaren tsotso ba ya yoyon da za ka gani da ido, iska ce ke shiga ta ƙofar da ba ta kai tsinin allura ba.

Amma akwai abu na biyu, kuma shi na fi zargi a wannan watan. Ɗaura dutse a igiya ka auna daga inda inji yake zaune zuwa fuskar ruwa, ba zuwa gindin rijiya ba. Duk injin da ke zaune a sama yana tsotso, iyakarsa mita 7 zuwa 8. Ko mai doki biyu ka sayo ba zai wuce nan ba, domin nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin bututu, shi kuwa ko a lissafin takarda mita 10 da ɗoriya ne ƙarshensa. Da damina ruwa yana kusa, ba ka san da maganar ba. Daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa ya ja baya, sai inji ya kama tofi.

Kuma ka daina barinsa yana juyawa babu ruwa. Sil ɗin da ke tsakanin motar injin da farfela, mai hana ruwa yoyo, ruwan ne ke sanyaya shi. In ya ƙone, nan ne za ka kashe kuɗi na gaske.

Hajiyar Zogale:
Baban Ummi, ni ban da inji, amma lambu tun ina gidanmu nake yi. Tumatir ɗin nan ka haƙura da shi, ina bayan Maman Ummi. Zafin Afrilu da ke kai digiri 40 ko ka kwana kana zuba masa ruwa fure zai yi ta zubarwa ba ya ɗaurawa. Lokacinsa hunturu ne. Zogale kuma ƙyale shi, ba ya mutuwa da ƙishin wata ɗaya.

Gwanda da lemun tsami su ne abin ceto. Yi musu kwari zagaye, nesa da gindi kamar taku ɗaya, ka zuba ruwan a nan da yamma liƙis, ka rufe da buntun shinkafa ko busasshen ganye. Kada rufin ya taɓa jikin bishiyar, gara na nan tana jira, gwanda kuma gindinta ruɓewa yake in ya zauna a jiƙe. In akwai tsohon tulu na ƙasa, binne shi har wuya kusa da lemun, ka riƙa cika shi kana rufe baki, zai yi ta tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa a tara a bokiti, ya ishi alayyahu. Na omo da bilic dai a zubar a kwata. Kada ka ce za ka taimaka musu da taki yanzu, musamman ɗanyen kashin kaji, ƙone saiwa zai yi. Bari sai ruwan sama ya sauka.

Abba Solar:
Baba ka huta da wahala ka sa sumo kawai, shi a cikin ruwa yake zama yana turowa, babu ruwansa da mita 8. Ka haɗa da sola ka manta da lo-karan.

Tsohon Mai Famfo:
Abba, sumo yana da kyau in akwai ruwan. Rijiyar da saura guga kaɗan a gindinta, cikin minti kaɗan zai tsotse ta ya kama shan laka. A fara sanin zurfin ruwan tukuna.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Malam, duka biyun ka faɗa daidai. Na zaro bututu na cika shi, ruwa na bin ƙasan bawul kamar an huda leda. Da na buɗe, robar ta taurare ta tsage, ga guntun tsumman guga ya naɗe a ragar. Na sa na tagulla, yau da safe ya tashi ba tare da buta ba. Sai dai igiya ta nuna mita 8 saura kaɗan zuwa fuskar ruwa, ruwan kansa bai kai ƙirjin mutum ba, shi ya sa yake zuwa siriri, tanki na daɗewa bai cika ba. Hajiya, na tuge tumatir, na binne tulu. Ina tunanin ranar Asabar in ɗaura igiya in sauka in kwashe laka da kaina, in kuma kafa wa injin katako a ciki ya matso kusa da ruwa.

Tsohon Mai Famfo:
Sauko da inji mita biyu ko uku dabara ce da ake yi, da ƙarfe biyu a jikin kwalbati, amma ka fito da shi kafin damina ta cika rijiyar, kuma waya kada ta zama mai haɗi a ciki. Shiga kuwa, don Allah Alhaji a'a. Yasar rijiya aikin masu haƙa ne. Kafin su sauka suna zura fitila mai wuta a guga, in ta mutu a ƙasa babu mai shiga, domin iskar gindin rijiya tana kashe mutum ba ya ko iya kira. Kuma komai za a yi, kada a kunna janareto ko injin fetur a bakinta, hayaƙin gangarawa yake yi cikin rijiyar. Kira su yanzu da ruwa ya ja baya, su yashe, in ƙasar ta ba da hali su ƙara maka kwalbati ɗaya ko biyu. In sun gama ka sake aunawa ka faɗa mana, sannan mu ga ko maganar Abba za ta yiwu.