Babur mai caji a Maraɗi: wanda ya hau ya ba mu labari

Mai tambaya, unguwar Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun wahalar esans ta watan Maris na 2025, da na wuni a layi na dawo gida da tura, nake tunanin sayar da babur ɗina in sayi mai caji. Amma ina tsoron sakin reshe in kama ganye. Wanda ya hau da kansa nake son ji, ba wanda ya gani a Facebook ba.

Malamar makaranta, unguwar Zariya: Wa alaikumus salam. Nawa ya shekara. Ni dai daga gida sai makaranta sai cefane, kuma caji ɗaya na dare yana isata. Babu juyen baƙin mai, babu wankin buji. Inda na fi jin daɗinsa shi ne bakin babbar kasuwa, in adaidaita da amalanke suka cushe hanya: kowa injinsa na shan mai a tsaye, ni ko ba abin da ke raguwa. Sai dai ba ya ƙara, mutane ba sa jin zuwana. Sau biyu na kusa kaɗe yaro, yanzu hannuna ba ya barin oda.

Ɗan kabu-kabu, Bagalam: Malama, aikinki daban, namu daban. Na ari na wani abokina kwana uku. A kan kwalta lafiya lau. Da na shiga rairayin cikin unguwa da goyo da buhu, kafin azahar batir ya kwanta. Esans minti biyu ka sha ka wuce, wannan sai ka zauna awoyi kana kallon fasinja na tafiya. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro yana da wuraren musanya batir, ka ba da matacce ka karɓi cikakke. Ranar da aka kawo irin haka nan, ni ne na farko a layi.

Mai gyara, Sabon Gari: Ku tambayi irin batirin kafin kuɗi. Mai dalma ya fi araha amma yana da nauyi, kuma ba ya daɗewa kamar na litiyom. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana cin su duka biyun. Kada a jona shi yana dawowa daga rana, a bari ya huce a inuwa.

Dattijo, Mokoyo: Yarana, kun manta watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina? Babur mai caji na ɗana kwana da kwanaki ya yi jingine a zaure. Sai da muka ɗora faranti mai aiki da rana bisa rufi sannan ya tashi.

Mai tambaya: Na gode, Baba. To faranti nawa kuka sa, kuma yana cika shi a wuni ɗaya lokacin hazo?