Samfurin farko na ɓacewa idan agogon FPGA ya farka

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan na maƙale. Ina haɗa matatar sigina a kan Artix-7, wani nau'in FPGA (guntun lantarki da ake iya tsara da'irarsa yadda ake so), tana gudu a 200 MHz, kuma da batir za ta yi aiki, shi ya sa nake so ta yi barci idan babu bayanai.

Da farko na datse agogon, wato bugun da ke tafiyar da da'irar, da ƙofar AND (ƙaramar da'ira da ba ta barin bugun ya wuce sai an ba ta izini). Cin wuta ya ragu, amma agogo na isa wasu rajistoci (ƙananan ma'ajiyar bayanai) a makare, sakamako ya birkice. Na koma BUFGCE, wato sashen FPGA da ke kunna agogo da kashe shi ta siginar izini mai suna CE, wannan ya gyaru. Yanzu kuma duk farkawa, samfurin farko, wato ƙimar farko ta bayanan da ke shigowa, sai ya ɓace. Na jinkirta bayanan da bugun agogo ɗaya, bai hana ba.

Don Allah, yaya zan daidaita siginar CE da shigowar bayanai, kada samfurin farko ya salwanta?