Batirin kwamfutata ba ya riƙe caji, don Allah a ba ni shawara

Ƙanwarku daga Garin Malam: Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Ɗaliba ce ni a Jami'ar André Salifou, ina rubuta kundin kammala karatu. Kwamfutata ta hannu ce. Da can batirin yana kai ni daga azahar har la'asar, yanzu in aka ɗauke wuta ko awa guda ba ya yi. Wata ƙawata ta ce in riƙa barin sa ya mutu ƙurmus kafin in sa caji. Gaskiya ne? Kuɗin sabo ba ni da su yanzu.

Mai gyara a Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki bi wannan shawara. Tsofaffin batura na nikel ake yi wa haka. Na yanzu lithiyom ne, kuma sauka zuwa sifili kullum gajiyar da shi yake. Ki sa caji in ya kai kashi 20, ki cire wajen kashi 80 in kin san wuta za ta zauna.

Amma babban abin da ke cinye batir a Damagaram zafi ne. Batirin lithiyom ba ya son wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu sama da 40 muke gani. Sai a ɗora kwamfuta kan katifa ko kan cinya, ramukan iska na ƙasa su toshe. Kwamfutocin da ake kawo mini bayan hunturu, in na buɗe sai in tarar ƙura ta daskare jikin fanka kamar auduga, fankar na ta ihu tana shan caji a banza. Ki ɗora ta kan tebur, ki ɗan ɗaga bayanta, ki kai a hure ƙurar.

Wani malami daga Birni: 'Yata, hasken allo ya fi komai sha, ki mayar da shi rabi ko ƙasa. Ki kashe Bluetooth, in rubutu kawai kike yi ki kashe Wi-Fi ma, ki rufe shafukan Chrome. Windows na da tsarin tattalin batir da kan kunna kansa in caji ya yi ƙasa, ke ki kunna shi da hannu da zarar an ɗauke wuta.

Wata yaya: Kuma ki daina cajin waya a jikin kwamfutar in ba wuta!

Ƙanwarku daga Garin Malam: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To yaya zan gane ko batirin ne ya riga ya tsufa?

Mai gyara a Kasuwar Dole: Ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. In abin da ya rage bai kai rabi ba, dabarun nan ɗan lokaci kaɗan za su ƙara miki, sai ki fara tara kuɗin canji. Ki kuma duba ko wurin da kike shafa yatsa ya taso, ko ƙasan kwamfutar ya kumbura. In haka ne kada ki ƙara sa ta caji, ki kwafe kundinki a filas yau ɗin nan, ki kai a cire batirin, don kumburarren batir yana iya kama wuta.