Neman shawara kan kammala karatun satifiket na gaba da digirin farko

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙa'idojin karatun gaba da digiri a kan wata matsala da ta hana ni karɓar satifiket ɗina.

Shirin da nake yi yana buƙatar kwasa-kwasai 4 masu jimillar kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), kuma sharaɗin kammalawa shi ne matsakaicin maki ya kai 3.0, wato matakin B. Na ci dukkansu, matsakaicin makina ma ya haura abin da ake nema. Sai dai ɗaya daga cikinsu na yi shi ne a matsayin ɗalibin da bai shiga kowane shiri ba, kafin a ba ni gurbi a hukumance. Da na miƙa fom ɗin neman kammalawa, ofishin magatakarda ya ce kiredit 9 kawai ke cikin lissafina, alhali mai kula da shirin yana ganin kwas ɗin ya cancanta, tunda malami ɗaya ne kuma manhaja ɗaya da na ɗaliban shirin.

Shin takardar koke zan rubuta wa makarantar gaba da digiri domin a shigar da wannan kwas, ko kuwa sashenmu ne ya kamata ya nema a madadina? Idan an amince, sai na sake cike fom ɗin a zango mai zuwa, ko na farkon zai wadatar? Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina son a ƙirga mini waɗannan kiredit a digiri na biyu da nake shirin nema.