Musayar waƙa: buhun geron Ɗan Dawanau

Ɗan Dawanau:
Salamu alaikum jama'a, ga ta yau, amsa da waƙa kawai don Allah.

Na sai buhun gero a Dawanau jiya,
Dubu 32 lakadan na biya,
Dubu 2 na mota da dako a hanya,
Tiya 40 ne, 2 sun zube gaba ɗaya.
In na sai da tiya dubu ɗaya-ɗaya,
Nawa ce ribata? Ku ba ni gaskiya.

Sarkin Alƙalami:
Wannan ai lissafin 'yan aji ɗaya,
A 40 cire 32, ina wuya?
Dubu 8 ce ribarka, je ka ajiye,
Gobe ka zo mana da mai ɗaure kai.

Hajiyar Kwari:
Sarki ka yi sauri ka bar kaya a tasha,
Direba da ɗan dako iska za su sha?
Tiya 2 da kaji suka tsince a ƙasa,
Kai kuma ka ƙirga su, wa ya ce ka sa?
Ciniki dubu 38, uwar kuɗi 34,
Abin da ya rage a hannunsa dubu 4.

Auta:
Allah ya ja zamanin Hajiya! Wallahi ba a ja da 'yan Kwari, ku da kuke yanka yadi 6 a turmi ba ko tef.

Sarkin Alƙalami:
Hajiya kin iya kuɗi, ba ki iya kari ba,
Ɗangonki na biyar bai hau ma'auni ba,
Kin yi amsa-amo da huɗu da huɗu,
Ko almajirin waƙa ba zai yi haka ba.

Malam Na Zaure:
Gaskiya Sarki kai ma baitinka na farko ka fara da "ya" ka ƙare da "kai", to wa zai gyara wa wani, kuma na sha faɗa a nan duk wanda zai yi ƙwar huɗu, wato baiti mai layi huɗu, ya riƙe amsa-amonsa har ƙarshe ko ya bari.

Auta:
Malam kyale shi, ya faɗi lissafi ne ya koma neman kari 😂

Hajiyar Kwari:
Ɗangona ya yi ɗingishi amma ya kai gida,
Naka ya yi ado ya karya jarin maigida.

Ɗan Dawanau:
Afuwan, tun azahar ba caji a wayata.

Hajiya kin kusa, saura ƙiris ki cinye,
Buhun da ya rage fa bayan an juye?
Mai gawayi na jira, 300 zai saye,
Dubu 4 da 300, haka za a ajiye.

Hajiyar Kwari:
A'a Alhaji ban yarda ba sam, ba ka sa kuɗin buhu a tambayar ba, abin da aka ba mu shi muke lissafawa, in haka ne ni ma sai in ce ina kuɗin leda. Malam kai ne alƙali, dubu 4 ko kuwa?